Maharbi da Mai Kallo: Ko Mutum Zai Iya Ƙaunar Abin da Yake Kashewa?

A watan Oktoba, sa'ad da damina take ban kwana da mu, dazuzzukan arewacin jihar Minesota ta ƙasar Amurka sukan sake kama. Ganyayen itatuwa su rikiɗe su zama ja da ruwan ɗorawa, sa'an nan su kakkaɓe, iska ta yi sanyi, yini ya gajarta. Kakarsu ke nan. A irin wannan safiya mutum biyu sukan shiga daji guda, ta hanya guda, suna neman tsuntsuwa guda. Na farko yana rataye da madubin hangen nesa a wuya, da ɗan littafi a aljihu inda yake rubuta abin da ya gani. Na biyu yana saɓe da bindiga, karensa na gaba da 'yar ƙararrawa a wuya. Da yamma na farko zai koma gida da labari, na biyu kuwa, idan ya yi sa'a, da nama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan ka tambayi kowannensu abin da ya fito da shi cikin wannan sanyi, amsa guda za su ba ka, wato ƙaunar tsuntsuwar ce. Na farko ba wuya a gaskata shi. Na biyun fa?

Tambayar ba ta mutanen Minesota kaɗai ba ce, gama duk gidan da ake ɗora tukunyar nama ta shafe shi. Na bi ta ta wannan daji mai nisa ne domin a can ta fito fili, ba yunwar da za a fake da ita, ba kuma rashin sani. Amma kafin mu zauna shari'ar mutanen nan biyu, ya kamata mu san wadda ake jayayya a kanta.

Mutanen wurin suna ce da ita giraus mai geza, saboda wani baƙin gashi da ke gefen wuyanta wanda namijin yakan buɗe kamar laima sa'ad da yake taƙama. Masana kuwa suna kiranta Bonasa umbellus. Wanda ya san makwarwa ya kusa saninta: dangin kaza ce, launinta na busasshen ganye, toka-toka ko ja-ja, nauyinta rabin kilo ne da 'yar ɗoriya. Wutsiyarta takan buɗe kamar mafici, da baƙin layi kusa da bakinta. Mazauninta ya tashi tun daga duwatsun Afalashiya a gabashin Amurka, ya ratsa faɗin Kanada, har Alaska. Jihar Fensilbeniya ta zaɓe ta a 1931 ta zama tsuntsuwar jiha.

Ba ta ƙaura. Sa'ad da agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye suka gudu kudu, ita tana nan inda aka ƙyanƙyashe ta, an kuwa shirya jikinta domin zaman. Da kaka wasu ƙananan ƙayoyi kamar haƙoran matsefi sukan tsiro a gefen yatsunta, su faɗaɗa tafin ƙafar, don ta taka dusar ƙanƙara ba ta nutse ba, ta kuma riƙe reshe mai santsi. Sanyi na wucewa sai su zube. Idan dare ya yi tsanani, dusar kuma ta yi zurfi da laushi, sai ta faɗa cikinta ta haƙa ɗan rami ta kwana, gama cikin dusar ya fi waje ɗumi nesa ba kusa ba. Abincinta a watannin nan tohon itatuwa ne, musamman na wani itace mai farin ɓawo da ake kira asfen. Takan hau da almuru ta cika cikinta da hanzari, ta sauka kafin mujiya ta gan ta.

Abin da ya fi sa ta shahara kuwa shi ne kiɗan namijin. Yakan hau wani gungumen itace da ya faɗi, ya kafa wutsiya, ya miƙe, ya fara kaɗa fikafikai a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya yi ta ƙara sauri har sautin ya haɗe, kamar injin da ake tayarwa daga can nesa. Duka-duka daƙiƙa goma ne ko ƙasa da haka. An daɗe ana zaton ƙirjinsa yake duka, ko gungumen, sai da aka ɗauki hotonsa da na'urar da ke rage saurin motsi aka tabbata iska kaɗai yake duka. Sautin yana da zurfi ƙwarai, har masu saurare sukan ce sun fi jinsa a ƙirji fiye da kunne. Ya fi yin kiɗan a watannin Afrilu da Mayu, domin kiran mace da gargaɗin sauran maza, amma da kaka ma yakan yi. Tun 1949 ma'aikatan daji na Minesota suke fita da asuba a lokacin bazararsu, su tsaya a wuraren da aka ƙayyade, su saurara na minti 4 a kowane wuri, su ƙirga kiɗan da suka ji. Daga wannan ƙirge da irinsa aka tabbatar cewa yawan tsuntsayen yana hawa yana sauka kusan kowace shekara 10. Masana da yawa suna danganta wannan da zomon dazuzzukan Kanada: idan zomaye suka ragu, sai shaho da mujiya su gangaro su koma kan giraus.

Macen takan yi ƙwai 9 zuwa 14 a ƙasa, a gindin itace, ta kwanta a kansu kwana 23 ko 24. 'Ya'yan suna bushewa sai su bi ta. A watan Satumba iyalin yakan watse, kowane ɗa ya kama hanyar neman mazauni, har wasu su yi ta tashi ba kan gado su bugi tagar gilashi a cikin gari. Yawancin waɗanda aka ƙyanƙyashe ba sa cika shekara. A tuna da wannan, za mu komo kansa.

Yadda ake farautar

A jihohin Minesota da Wiskonsin da Mishigan ana buɗe farautar a tsakiyar Satumba. Sai da lasisi, an kuma yanka iyaka: a Minesota mutum ba ya wuce tsuntsaye 5 a yini. Maharbi yakan kutsa cikin sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa, inda ƙaya ke yage riga, yana sauraren ƙararrawar karensa. Idan ta yi shiru, to, karen ya ji ƙanshi ya daskare wuri ɗaya, hanci a miƙe. Sai maharbin ya matso. Tsuntsuwar takan lafe har sai an kusa taka ta, sa'an nan ta fashe sama da wata irin ƙara mai tsinka zuciya, ta kewaya bayan itace ta ɓace. Daƙiƙa biyu ko uku ke nan. Yawancin harbin itace yake samu. Mutum yakan yini yana tafiya ya koma da guda ɗaya, ko hannu rabbana, bai kuwa ga ya yi hasara ba.

To, a yi lissafi. Kuɗin bindiga, da harsashi, da lasisi, da man mota, da abincin kare na shekara guda, a raba su a kan 'yan tsuntsayen da aka samu. Naman ya fi na kowace kazar kanti tsada ninkin ba ninkin. Ashe ba yunwa ce ta kai shi daji ba. Daɗi yake ji. A nan ne mai kallo ya kafa ƙararsa, ƙarar kuwa ba ta wasa ba ce. Yana cewa: “Duk abin da ka samu a dajin nan ni ma na samu. Na sha iskar, na ga ganyen, na ji tashin tsuntsuwar, zuciyata ta buga kamar taka. Abu guda ne ka fi ni da shi, wato gawa. Idan ƙauna ce, me ya sa sai ta mutu kafin ranka ya kwanta?”

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. An saba kawo maganar nan domin gargaɗin wanda ya dogara ga kusantar manya, amma idan aka ɗauke ta a zahirinta, shaida ce a kan kowane gida namu. Uwa takan yi kiwon kaza tun tana 'yar tsako, ta watsa mata tsaki, ta kore mata shirwa, ta neme ta da fitila idan ba ta shiga akurki ba. Ranar Kirsimeti, ko ranar da babban baƙo ya sauka, sai ta ce a kamo ta. Ba wanda ya taɓa cewa kulawar da ta yi ƙarya ce. Yara sukan yi kuka, sa'an nan su ci. Mun san tun muna ƙanana cewa kulawa da yanka suna iya fitowa daga hannu guda, ko da yake ba mu cika son tsayawa mu dubi abin ba.

Saboda haka duk mai cin nama sai ya yi hattara kafin ya nuna wa maharbi yatsa. Kazar gidan gona da ake saya a kanti, a Amurka ko a nan, takan yi mako shida ko bakwai a duniya, cikin rumfa mai cunkoso, ba ta taɓa tona ƙasa a gindin itace ba. Giraus kuwa ta yi rayuwarta cikakkiya a sake har daƙiƙar ƙarshe. Idan wahalar dabba ce ma'auni, farantin maharbi ya fi na mai kallo tsabta, in dai mai kallon ya tsaya a hanya ya sayi soyayyar kaza, kamar yadda da yawa suke yi. Bambancinsu shi ne ɗaya ya ga jinin, ɗaya ya biya wani ya gani a madadinsa. Wanda ya bar cin nama ɗungum saboda lamirinsa, shi yana da bakin magana, ina kuma girmama shi. Amma ba shi ne yawancinmu ba.

Duk da haka ban yarda an kashe maganar a nan ba. Uwar da ta sa a yanka kaza ba ta jin daɗin yankan. Miya take so. Maharbi kuwa ya yarda da bakinsa cewa yana jin daɗi. Daɗin mene ne? Nan ne tambayar ta yi tsauri, ba kuwa mai iya amsa ta sai mai zuciyar. Akwai daɗin tafiya, da na aikin kare da aka hora shekara da shekaru, da na gwaninta, da na kawo wa iyali abin da hannunka ya samo. Waɗannan ba abin kunya ba ne. Akwai kuma wani daɗi dabam, na ganin abu mai rai ya faɗi domin kai ka so, na jin cewa rai yana hannunka. Wannan na biyun guba ne, ba kuwa a daji kaɗai yake tsayawa ba. Wanda ya saba da shi zai kawo shi gida, zai kai shi ofis. Matsalar ita ce duka biyun suna iya zama a ƙirji guda, mai su ma bai sani ba. Amma akwai alamu. Wanda ya koma hannu wofi yana fara'a, ba mutuwa ya je nema ba. Wanda ya jera gawawwakin tsuntsaye a bayan mota domin hoto, ya bar su suka lalace, ya tona asirin kansa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni ma a wannan batu ina bayan zomo.

Akwai wata gardama tsakanin maharban kansu wadda ta koya mini fiye da duk abin da masu sukarsu suka faɗa. A wurare masu nisa na Kanada, inda tsuntsuwar ba ta saba da mutane ba, takan tsaya a bakin hanya tana kallonka, har ka iya harbinta a ƙasa. Doka a wurare da yawa ba ta hana ba. Amma masu farauta da karnuka da yawa suna ɗaukar wannan abin kunya. A wurinsu ba a harbi sai tsuntsuwa ta tashi, domin a ba ta damar tsira. Da farko wannan ya yi kama da jinƙai. Sai dai a duba ta gefen tsuntsuwar. Harbin ƙasa ya fi tabbas, yakan kashe nan take. Harbin sama ta cikin rassa shi ne yakan bar 'yan ƙwayoyin harsashi a jiki, tsuntsuwa ta tafi da karyayyen fiffike ta mutu bayan kwana biyu a ƙarƙashin gungume. To, wa wannan ƙa'ida take yi wa hidima? A ganina mutuncin maharbi take karewa fiye da jikin tsuntsuwa. Mutumin ƙauye da ya harbi guda biyu a ƙasa domin abincin dare, ya ɗauka ya tafi gida, ban ga inda mai tsadadden kare ya fi shi ba, balle idan wannan yana sakin wuta ga kowace inuwa da ta gifta.

Amma kada in yi wa ƙa'idar rashin adalci. Tana da wani alheri da ba ƙarami ba: mutum ne ya ɗaure hannun kansa inda doka ta sake shi. A cikin daji ba ɗan sanda, ba maƙwabci, ba mai gani. Abin da mutum ya ƙi yi a irin wannan wuri shi ne ainihin halinsa. Ƙa'idar tana rage yawan abin da ake kashewa, tana kuma tuna wa mai bindiga cewa ba duk abin da ya iya ne ya kamata ba. Sai dai ba ta cika sai an haɗa ta da 'yar'uwarta: kada ka harba sai inda kake da tabbacin kashewa, idan kuwa ka raunata, to, farauta ta tsaya har sai ka nemo. Babban aikin kare, ta fuskar lamiri, ba nuna tsuntsuwa ba ne; nemo wadda ta faɗi ne.

Littafi Mai Tsarki bai haramta farauta ba, bai kuma yi mata kirari ba. A Farawa sura 9 an ba Nuhu da zuriyarsa izinin cin nama, amma a wurin nan aka keɓe jini, domin a nuna rai ba nasu ba ne. A Littafin Firistoci 17:13 an umarci wanda ya kamo dabba ko tsuntsu a farauta ya tsiyaye jinin ya rufe shi da ƙasa. Ka dubi wannan hoto: mutum shi kaɗai a jeji, da yunwa watakila, an ce ya tsuguna ya yi wa jinin tsuntsu 'yar jana'iza kafin ya tafi. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 kuma, wanda ya tarar da sheƙa da uwa a kan ƙwai ko 'ya'ya, an yardar masa ya ɗauki 'ya'yan, amma ya saki uwar, har aka ɗaura wa wannan ƙaramar doka alkawarin tsawon rai. Dubban shekaru kafin a ƙago lasisi da lokacin rufe farauta, ga tushensu nan. Izini ne, amma mai shinge, shingen kuwa yana cewa: ɗauki na yau, ka bar abin da zai haifi na gobe.

Ba zan wuce nan ba sai na dubi gida. Kowa ya san irin farautar rani da ake cinna wa daji wuta ta kowane gefe domin gafiya da zomo, a kashe uwa da 'ya'ya, da mai ciki, da abin da ba za a ci ba, wani lokaci har da amfanin gonar maƙwabci. Tsofaffinmu suna ba da labarin zabin daji da makwarwa a bayan gari inda yanzu ba ko gashinsu. Mu da muke da wannan a ƙofar gida, sai mu sassauta murya idan muna maganar mutumin da yake ƙirga tsuntsayensa ya tsaya a biyar.

Bashin da ke kan mai kallo

Har yanzu maharbi ne a gaban shari'a. Bari mai kallo ma ya taso, gama akwai tambayar da ake binsa.

Gaskiya ne tarihin bindiga a Amurka yana da muni. Akwai wata irin tattabarar daji da garkenta yakan rufe rana tsawon sa'o'i; masu harbi domin kasuwa suka yi ta loda ta a jiragen ƙasa, ana kuma sare dazuzzukanta, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba 1914. Wata 'yar'uwar giraus da ke zaune a gaɓar gabas ita ma ta ƙare. An ga na ƙarshe a tsibirin Martha's Vineyard a 1932. Amma daga cikin waɗanda suka farka suka nemi a yi doka har da maharba da yawa. A 1900 aka yi dokar Lacey, wadda ta hana ketare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Aldo Leopold, wanda littafinsa na 1933 ya aza harsashin ilimin kula da namun daji a jami'o'in ƙasar, shi kansa maharbin giraus ne a Wiskonsin. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta juya harajin bindigogi da harsasai, wanda daga baya ya zama kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsashi, zuwa ga jihohi domin sayen daji da bincike da kula da namun jeji. Gaskiya ne a yau kaso mai yawa na kuɗin daga masu sayen bindiga ne waɗanda ba sa farauta. Amma an yi yunƙuri a shekarun 1990 a sa irin wannan haraji a kan madubin hangen nesa da sauran kayan yawon daji, bai kuwa yi nasara ba. Sau da yawa ƙasar da mai kallo yake takawa kyauta, kuɗin maharbi ne ya taimaka aka saye ta.

Sa'an nan, mene ne ainihin abin da yake rage giraus? Mun riga mun ga yawancinsu ba sa cika shekara, da bindiga ko ba bindiga. Wani babban bincike da aka yi a jihohin Afalashiya daga 1996 zuwa 2002, inda aka ɗaura wa tsuntsaye na'urar bin sawu, ya nuna shaho da mujiya da namun daji ne suke cin mafi yawa, rufe farauta a wasu wuraren kuma bai ƙara yawan masu tsira ba. Wannan ba ya nufin harbi ba ya taɓa ɓarna. Ƙaramin daji da ke bakin hanya, wanda ake tattakewa kowace Asabar, yana iya ƙarewa. Amma babban abin yana wani wuri.

Wani masani mai suna Gordon Gullion ya fara nazarin giraus a dajin Cloquet na Jami'ar Minesota a 1958, ya yi sama da shekara 30 yana binta. Abin da ya gano bai yi wa kowa daɗi ba. Tsuntsuwar ba ta son tsohon daji mai dogayen itatuwa da sarari a ƙasa, irin wanda ido yake sha'awa, gama a can shaho yana ganinta sarai. Abin da take bukata shi ne sabon toho mai kauri, asfen na 'yan shekaru da suka fito ƙiƙam kamar karan dawa, inda za ta ɓoye da 'ya'yanta, da kuma manyan itatuwan asfen a kusa domin tohon da take ci da hunturu. Asfen kuwa ba ya sabunta sai an sare shi ko wuta ta ci shi. A sa'an nan ne dubban 'ya'ya suke fitowa daga saiwarsa. A dā gobara da guguwa ne suke yin wannan aiki. Da aka iya kashe gobarar daji, gonakin da aka bari a gabashin ƙasar kuma suka girma suka zama tsofaffin kurmi, sai mazaunin giraus ya yi ta tsukewa. Ƙungiyar maharban giraus da aka kafa a 1961 ta daɗe tana roƙon a riƙa sare daji kashi-kashi. Waɗanda suka fi yin tsayayya da saran kuwa, sau da yawa, mutane ne masu kyakkyawar zuciya, waɗanda ganin kututture yake sa su baƙin ciki.

Ba na cewa a bi kowane tsohon daji da zarto. Akwai halittun da ba sa rayuwa sai a cikinsa, akwai kuma 'yan katako da za su yi murna su fake da sunan tsuntsuwa. Masu kallon tsuntsaye da yawa ma sun gane batun, domin akwai ƙananan tsuntsaye masu waƙa da suke raguwa saboda rashin sabon toho. Abin da nake cewa shi ne, tausayin da bai san abin da yake tausaya wa ba yana iya kisa, ba tare da ya ji ƙarar bindiga ko ya ga jini ba. Mai kallo da ya hana a taɓa itace ko guda yana iya shafe giraus daga gunduma ɗungum, ya kwana lamirinsa fes. Maharbin da yakan buɗe jakar abincin da ke wuyan tsuntsuwar da ya harbo, ya ga toho ne ko 'ya'yan itace ko ɗanyen ganye ta ci a ranar, ya san bukatarta fiye da wanda bai taɓa riƙe ta ba.

To, ga inda na tsaya. Na yarda mutum yana iya ƙaunar abin da yake kashewa, amma ba na karɓar maganar daga bakinsa. Sai na ga ya ci abin da ya harba, ya nemo wadda ya raunata, ya tsaya kafin iyakar doka idan shekarar ta yi muni, ya kuma sa kuɗinsa da guminsa a dajin. Gwaji na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya, shi ne ko zai iya rataye bindigar ya bar ta sa'ad da tsuntsuwar ta yi ƙaranci.

Wannan gwaji ya riga ya iso wasu wurare. Cutar da ake kira ta Yammacin Nilu, wadda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, sauro kuma yake yaɗa ta, ta ɓulla a birnin Niyu Yok a 1999, ta bazu ko'ina cikin ƙasar. Binciken hukumar namun daji ta Fensilbeniya ya nuna tana kashe giraus, ta zo ta tarar da tsuntsayen da tsufan daji ya riga ya raunana. A 2017 jihar ta soke zangon farautar da ake yi bayan Kirsimeti. Jihar Niyu Jasi ta rufe farautar gaba ɗaya a 2019. Jihar Indiyana ta dakatar da tata tun 2015, a 2020 kuma ta sa giraus cikin jerin halittun da suke bakin ƙarewa a jihar. A can arewa, a Minesota da Wiskonsin da Mishigan da Kanada, inda har yanzu ake saran asfen domin katako da takarda, tsuntsuwar tana nan da yawa, ana kuma buɗe farauta kowace kaka. A tuddan kudancin Indiyana kuwa, ma'aikatan daji sun yi ta fita da asubar bazara, shekara bayan shekara, suna tsayawa a wuraren da aka saba jin kiɗan, su cika mintocinsu, su rubuta sifili.